A Mayar wa Batsari da Safana Darensu

Idan watan Nuwamba ya raba, iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe duwatsun Ruma har ba a hango su daga nesa, manomin Batsari da na Safana ya san shekara ta kawo shi gaɓar da ya yi wa wahala. Gero ya daɗe da shiga rumbu, ana yankan dawa, an gama roron wake da cirar gyaɗa, rogo kuwa yana ƙasa yana jiran mai saye. Daga nan zuwa ƙarshen Fabrairu ne talaka ke riƙe da 'yan kuɗi a aljihu, kuma babu gonar da ke tashinsa da asuba. A ƙasashen Turai lokacin Kirsimeti ne da sabuwar shekara. A nan, inda kusan kowa Musulmi ne, Sallah da Maulidi kuma suna bin wata suna zagaya shekara, shagalin hunturu ba shi da rana guda a kalanda. Auren wannan gida ne yau, na wancan gida jibi, dambe a wannan gari, kokawa a wancan, da doguwar hira a bakin wuta, kuma kaso mafi tsoka na duk wannan bayan sallar isha'i ake yinsa. Wannan daren ne aka ƙwace wa mutanen yankin a shekarun nan. Ra'ayina shi ne, ba za a ce zaman lafiya ya dawo yammacin Katsina ba sai an mayar musu da shi, kuma mayarwar aiki ce da za a yi da niyya da tsari, don ba zai dawo da ƙafarsa ba.

Wanda bai san ƙaramin gari ba zai iya ɗauka cewa babu wata rayuwar dare da za a yi maganarta a inda babu otal mai hawa ko gidan abinci mai gilashi. Sai ya tsaya a bakin tasha bayan isha'i a daren Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Mai shayi ya jera gwangwanayen madara sun yi tsini a kan tebur, burodi a gefe, tukunyar ruwan zafi tana huci a kan gawayi, yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin wani kofin don ya sha iska. Mutum shida ko bakwai sun matsu a benci guda, kowa ya naɗe kai da rawani ko ya ja hular sanyi har kunne. Kusa da shi tukubar mai tsire ce, wadda rabin masu kewaye da ita ɗumi suka zo ji ba nama suka zo saye ba, mai tukubar kuma ya sani, ba ya korarsu. Can gaba mai rake yana ferewa, yarinya da tiren dafaffen rogo tana barbaɗa garin ƙuli da yaji tana ɗiga mai, mai awara tana tsamewa daga kasko. Batsari ta yi suna da rogo a duk faɗin jihar, kuma ba a buhun da ake lodawa mota ranar Alhamis kaɗai wannan suna yake ba, har da wannan tiren. Daga wani shago ana jin kukan janareta da ihun samari a gidan kallon ƙwallo.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe da wasu a bayansa waɗanda ba a gani. Naman da ke kan tukuba dabba ce da mahauci ya saya a kara ranar kasuwa, galibi daga hannun makiyayi. Ƙulin da ke kan rogon wata mata ce ta soya gyaɗa ta matse mai a cikin gida, ba ta taɓa zama a kasuwa ba, amma da wannan ciniki take haɗa kayan ɗakin 'yarta. Itacen, gawayin, ƙwan, burodin, kowanne da mai shi. Kuɗin da manomi ya karɓa da rana a kan buhun wake, da dare ne yake rarrabuwa ya shiga hannun waɗanda ba su da gona ko gonarsu ba ta ciyar da su shekara. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Batsari ta haura mutum 200,000, Safana ta haura 180,000, kuma babu wata masana'anta da ke ɗaukar waɗannan mutane aiki idan damina ta wuce. Abin da ke akwai shi ne noman rani ga mai fadama, cin rani ga mai ƙarfin tafiya, da wannan ƙaramin ciniki na yamma da dare ga sauran.

Bukukuwan kuwa sun fi ciniki zurfi. Ba don son sanyi Bahaushe ya tara aurensa bayan kaka ba, sai don lokacin ne ake da abin sadaki da na gara, dangi kuma ke da sararin tasowa daga Wagini zuwa Runka ko daga Zakka zuwa Tsaskiya su kwana biyu. Tela, kafinta, mai lalle, makaɗi da maroƙi duk a wannan tsakani suke samun abin da zai kai su bazara. Kalankuwa, bikin da samari da 'yan mata kan shirya bayan an kai amfani gida, ita ce inda matasan ƙauyuka maƙwabta ke sanin juna, kuma tana da shugabanninta a cikin samarin da ke tsawatarwa idan wani ya wuce gona da iri. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, bayan girbi yake yawo gari gari, kuma irin wannan fage ne ya haifar da shaharar Shago da makaɗinsa Ɗan Anace. Fulani suna da sharonsu, Hausawa kuma kan je kallo. A daidai wannan lokaci ne makiyayi kan sauka da garkensa a gonar da aka girbe, shanu su ci kara su bar taki, matarsa ta shigo gari da ƙwaryar nono ta koma da hatsi. Wannan gaɓa tana da nauyi a wurina, domin rikicin da ya cinye yankin ya yi kamari ne bayan da manomi da makiyayi suka daina haɗuwa a inda ake dariya, suka koma haɗuwa a gaban alƙali ko a bakin daji kawai.

Yadda abin ya lalace ba ɓoyayye ba ne. Dajin Rugu, wanda ya miƙe ta yammacin ƙananan hukumomin biyu har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, ya tashi daga wurin kiwo da farauta ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, sannan ta masu garkuwa da mutane. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, jama'a suka ɗauki gawarwakin har birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu, a shekarar kuma masarautar Katsina ta soke hawan Sallah. Ranar 14 ga Fabrairun 2020, da dare, cikin ƙarshen sanyi, aka auka wa Tsauwa da Ɗankar, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30. A watan Afrilun 2020 wasu hare-hare a Safana da Ɗanmusa da Dutsinma suka ci rayuka 47. A daren 11 ga Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 daga ɗakunan kwanansu. Bayan irin wannan babu wanda ya buƙaci a yi masa doka kafin ya shige gida da magariba. A ƙauyuka da yawa ma gidan ba a kwana cikinsa, mata da yara kan tako zuwa gari da la'asar su kwana a makaranta ko zauren dangi, wasu mazan su kwana a gona cikin raɓa da sanyi, ba halin hura wuta don kada a hango su.

Sai kuma hukuma ta zo da nata rufewar. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar taƙaita matsalar tsaro, wadda ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama har da na Batsari da Safana, ta hana motocin ɗauko itace daga daji, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin bakin daji. A watan Satumba aka katse layukan waya a yankin, aka rufe shagunan cajin waya, layukan ba su dawo ba sai bayan watanni. Niyyar a bayyane take, a toshe wa 'yan bindiga hanyar mai da abinci da labari, kuma ba na zargin wanda ya yi dokar da mugun nufi. Amma a duba a kan wa ta sauka. Mahaucin da aka rufe wa kara me zai ɗora a tukuba? Mai shayin da masu sayensa 'yan acaɓa ne da matafiyan dare, wa zai zuba wa? Hunturun 2021 ya shigo ya tarar da garuruwan nan ba babur da dare, ba waya, itace ya yi tsada. 'Yan bindiga, waɗanda dama ba sa neman izinin kowa kafin su hau babur, sun ci gaba da samun mai ta wasu hanyoyi, kuma daga baya gwamnatin da kanta ta sassauta yawancin matakan ba tare da an ga ƙarshen matsalar ba. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar sun ƙara wa masu ƙaramin ciniki nauyi: mai gidan kallo da ke tayar da janareta don wasan ƙarfe 9 na dare sai ya ga kuɗin man ya fi abin da zai tara a ƙofa.

Abu na farko da za a ce da ni shi ne, ana maganar rai wa ke maganar shayi da dambe? Wanda aka kashe wa ɗa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, yana da haƙƙin jin haushin wannan magana, kuma ba zan yi masa gardama a kan zafin da yake ji ba. Amsata ita ce, matar da aka kashe wa miji a gona, idan ta samu mafaka a garin Batsari, da kaskon awara ko ƙosai take ciyar da marayunta, kuma kasuwarta ta yamma ce da dare. Saurayin da aka raba da gonar ubansa, ko dai ya samu tebur ko baro ko babur a cikin gari, ko ya tafi Legas da Abuja, ko kuma ya zauna hannu rabbana a inda masu neman ɗan aike da mai kai rahoto suke da kuɗin biya. Maganar dare maganar abincin waɗannan mutane ce.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi, kuma dole a tsaya a kansa. Taron dare yana jawo hari. A Disambar 2020 an tare ɗaliban Islamiyya kusan 80 a yankin Mahuta ta ƙaramar hukumar Ɗandume suna dawowa daga Maulidi da dare, Allah ya sa aka kuɓutar da su. A Nuwambar 2023 an buɗe wa masu Maulidi wuta a ƙauyen Kusa ta Musawa. Wata guda bayan nan, ranar 3 ga Disamba, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna bisa kuskure, mutum aƙalla 85 suka rasu. Wanda ya san waɗannan ba zai yi wasa da tara mutane a fili da dare ba, kuma rigakafi ya fi magani. Akwai kuma maganar infoma, wadda ba a raba ta da duk wata hira a yankin: a teburin mai shayi ne ake jin wanda ya sayar da shanu yau, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga kudu. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka jera hare-haren aka duba, za a ga shigewa gida bai tsare kowa ba. Mutanen 'Yar Gamji da rana aka kashe su a gonakinsu. Na Tsauwa a gidajensu aka tarar da su. Ɗaliban Ƙanƙara suna makarantar kwana. A watan Agustan 2025 masallata aka buɗe wa wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne rashin mai kawo ɗauki a kan lokaci. Garin da ya yi tsit tun ƙarfe 8, kowa ya kulle ƙofa, babu fitila a titi, babu mai zama a waje, shi ne garin da babura 30 za su shigo har tsakiyarsa kafin wani ya farga. Inda akwai majalisa a bakin hanya, da mai shayi da idonsa biyu har sha biyun dare, baƙuwar fuska ba ta wucewa ba a tambaya ba, kuma ƙarar babur daga nesa tana samun kunnen da zai ji ta. Infoma kuwa ba ya rasa labari don an rufe shago. Maƙwabci ne, wani lokacin ɗan uwa, kuma an fi saurin gane shi a garin da mutane ke zama tare suna lura da wanda kuɗi suka faɗo wa ba sana'a.

Ban ce a kira kalankuwa a ƙauyen da ke bakin Rugu gobe ba. Akwai wuraren da hankali bai yarda da haka ba tukuna, kuma mutanen wurin sun fi kowa sanin su. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da kulle gari ya zama shi ne tsaron. Idan aka ce kowa ya shige da magariba sannan aka wayi gari ba a kai hari ba, rahoton da zai tafi Katsina zai ce an samu sauƙi, alhali abin da ya faru shi ne jama'a sun sallama darensu ga masu bindiga ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Na uku daga wajen malamai da iyaye yake fitowa, kuma shi ma ba na raina shi. Za su ce, wane dare kake so a dawo da shi? Na cakuɗar maza da mata a dandali, na kiɗan da ke kai wa asuba har a rasa sallah, na 'yan mata masu talla da ake lalatawa a bakin tasha, na samari masu shan ƙwaya da sholisho a lungu? Wasu ma za su ce abin da ya same mu sakamakon waɗannan ne. Tun kafin 'yan bindiga wa'azi ya rage wa kalankuwa da gaɗa ƙarfi a garuruwa da yawa, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta kafa hukumar Hisba a jihar. Ina tare da su a kan tallar yara mata da dare. Abu ne da ya kamata a hana, a bar manyan mata da samari su riƙe wannan ciniki. Amma shaye-shaye bai ragu ba a shekarun da aka rufe dandali, lungu ya koma inda babba ba ya gani. Sannan daren hunturu na malamai ne kamar yadda yake na makaɗa. Almajirai da ke kewaye wuta da allunansu bayan isha'i, makarantun dare na matan aure da magidanta, wa'azin da ake yi a ƙofar gidan mai gari, zikirin 'yan ɗariƙa, Maulidin da ake kwana ana yi, duk tsoro ɗaya ne ya taɓa su tare da dambe. Malamin da ya yi murna da mutuwar dandali ya duba ya gani ko ɗalibansa na ƙauye suna iya zuwa darasin dare. Abin da ya halatta a yi a fili da wanda bai halatta ba magana ce da gari zai zauna ya yanke, da limami da mai unguwa da shugabannin matasa, kamar yadda aka saba tun da. Bai kamata a bar wa mai bindiga ya yanke ta ba.

Akwai kuma masu cewa ko babu ɓarayin daji wannan rayuwa ta kama hanyar ƙarewa: waya ta maye gurbin tatsuniya, finafinan Kano da ƙwallon Ingila sun maye gurbin gaɗa, samari sun fi son birni. Da gaskiyarsu a wani ɓangare, kuma ba na kiran a koma 1970. Sai dai sauyin zamani sauya wa dare kama ya yi, bai kashe shi ba. Saurayin da kakansa ya je kallon kokawa shi gidan kallo yake zuwa, kuma a daren 11 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa da ƙarfe 9, duk garin da ke da kwanciyar hankali a ƙasar Hausa ya cika da matasa a waje har kusan sha biyu. Bambancin da ke tsakanin garin da ya yi wannan kallo a fili da ƙauyen da bai isa ya kunna janareta ba, ba waya ce ta kawo shi ba.

Wannan ya kawo mu ga halin da aka shiga daga 2023. A watan Oktoban shekarar gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum kusan 1,500, waɗanda aka ɗauko daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa. A farkon 2025 kuma aka fara sulhu tsakanin al'ummomi da wasu jagororin 'yan bindiga, Batsari da Jibiya suna cikin na farko, Safana da Ɗanmusa da wasu suka biyo baya. Mutanen yankin suna da dalilin yin taka-tsantsan, domin sun ga irin wannan sulhu a 2019 da yadda ya warware cikin watanni, kuma ganin mutum ya zo wurin zaman sulhu rataye da bindiga ya koma da ita ba abin da ke kwantar da rai ba ne. Duk da haka an samu manoman da suka koma gonakin da suka shekara ba su taka ba, an samu Fulanin da suka sake shigowa kasuwa bayan shekarun da shigowar kan iya zama ajalinsu a hannun 'yan sa-kai. To da me za a gane ko wannan sulhu na gaske ne? Yawan bindigogin da aka miƙa a gaban kyamara ba ya nuna komai, tun da ba wanda ya san adadin da aka bari a daji. Kwanakin da aka yi ba hari su ma suna iya zama hutun mai shiri. Abin da ba ya ƙarya shi ne halin mutane, domin babu wanda ke sa ransa a caca don ya faranta wa gwamnati. Idan direba ya yarda ya taso daga Katsina zuwa Batsari bayan magariba, idan mai shayi a Runka ya kai sha ɗaya bai tattara ba, idan uban amarya a Babban Duhu ya bar baƙinsa su kwana maimakon a ɗaura aure da hantsi kowa ya watse kafin la'asar, to an samu wani abu. Kuma a ƙauye za a auna, ba a hedikwata ba. Garin Batsari da na Safana sun cika da 'yan gudun hijira da jami'an tsaro, cinikin dare a cikinsu yana iya ƙaruwa a daidai lokacin da ƙauyukan da ke kewaye suke zama kufai, wanda ya tsaya a bakin tasha kawai sai ya yi zaton lafiya ce.

Abin da za a yi ba ya buƙatar biliyoyi. Fitilun sola a tasha da bakin kasuwa da ƙofar masallaci suna cikin abin da ƙaramar hukuma ke iya saye, muddin za a kafa su inda masu ciniki ke zama ba ƙofar gidan manya ba. Jami'an tsaron al'umma, waɗanda 'yan garin ne kuma sun san fuskoki, za a iya tsara musu tsayuwa a wuraren zaman dare da hanyoyin shigowa gari, maimakon aikinsu ya zama korar mutane gida. Duk taron dare, na Maulidi ne ko na biki, a sanar da hakimi da jami'an tsaro tun da wuri, su kuma su sanar da sojoji, don kada a maimaita Tudun Biri. Sarkin Ruma da Yariman Katsina, hakiman Batsari da Safana, suna da ikon da za su kira gasar kokawa ko dambe bayan kaka a fara da la'asar a tashi da isha'i, a gayyaci rugage kamar yadda ake gayyatar ƙauyuka, shekara mai zuwa a ƙara awa guda idan an ga hali. Duk dokar hana fita da za a sake kafawa kuma a faɗi ranar da za ta ƙare tun ranar da aka kafa ta, a kuma faɗi abin da aka tanadar wa waɗanda za ta hana neman abinci.

Akwai dalilin gaggawa da kalanda ta kawo. Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Kafin 2030 zai shigo cikin Janairu, daga nan kuma ya yi shekaru yana faɗowa a tsakiyar hunturu, Ƙaramar Sallah tana biye da shi cikin sanyi. Watan azumi kuwa kusan duk harkarsa ta dare ce: buɗa-baki da cinikin ƙosai da kunu, tarawihi, tafsiri, tashen yara daga goma ga wata, tahajjudin goman ƙarshe da ake fitowa tsakar dare, teloli da ke kwana a kan keke, masu kiɗan sahur. Shekarun da ke tafe za su haɗa kuɗin kaka da bukukuwan aure da azumi da Sallah a cikin watanni uku, abin da ba a gani ba tun wajen ƙarshen shekarun 1990. Mutanen Wagini da Zakka za su fita tahajjud ko an tanadar musu tsaro ko ba a tanada ba, saboda haka shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hakimansu da kwamandojin da ke yankin su zauna tun yanzu su fitar da jerin garuruwan da za a fara haskakawa da tsarewa, da sunan wanda za a tuhuma idan ba a yi ba.